Saiwar da Ke Warkarwa Tana Iya Kwantarwa

An turo mini wani bidiyo a WhatsApp, irin wanda ya sha yawo daga waya zuwa waya har hotonsa ya dusashe. Wani mutum ne zaune da robobi jere a gabansa, yana juya wata busasshiyar saiwa mai lanƙwashe-lanƙwashe a hannu. Ya ce sunanta sarpagandha, daga Indiya aka kawo ta, tana maganin hawan jini da rashin barci da ciwon suga da ciwon ƙoda da saran maciji. Wannan jerin bai dame ni ba, kunne ya riga ya saba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ya rufe da ita, wai ko kofi goma ka sha babu abin da zai same ka, tunda daga ƙasa ta fito, hannun Bature bai taɓa ta ba.

Na nuna wa wani abokina da boko ya ratsa. Ko rabi bai kalla ba ya miƙo mini wayata, ya ce duk waɗannan saiwoyi camfi ne, wanda ya sha ya ji sauƙi dama can zai warke.

Ni a ganina su biyun sun raina saiwar nan, kuma rainin mai tallan ya fi haɗari. Saiwoyi da dama magani ne na gaske. To amma duk abin da zai iya shiga jiki ya sauya yadda zuciya ke bugawa, zai iya yin ɓarna idan ya wuce kima ko ya faɗa jikin da bai dace da shi ba. Saboda haka abin da nake kira gare shi shi ne a yi wa saiwa abin da ake yi wa kowane magani: a tabbatar ita ce, a auna ta, a faɗi wanda bai kamata ya sha ba. Duk wanda ya ce maganinsa ba shi da illa ko kaɗan, to ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa abin nasa ba ya aikin komai.

Ga mai cewa camfi ne

Tsiron da ake magana ɗan ƙarami ne, da wuya ya wuce ƙugun mutum. Yana fitowa a dazuzzuka masu laima na Indiya da maƙwabtanta, har zuwa Tailan da Indonesiya, kuma masana tsirrai suna kiransa Rauvolfia serpentina. Tun ɗaruruwan shekaru masu maganin gargajiyar Indiya ke ba da garin saiwarsa ga wanda barci ya ƙaurace wa, da wanda hankalinsa ya gushe yake fisge-fisge, da wanda maciji ya sara.

A 1931 wasu likitoci biyu a Kalkata, Gananath Sen da Kartick Chandra Bose, suka rubuta cewa saiwar tana kwantar da masu taɓin hankali, tana kuma saukar da hawan jini. A shekarar dai, a Delhi, wani masanin sinadarai mai suna Salimuzzaman Siddiqui ya tace wani sinadari daga cikinta, ya raɗa masa suna ajmaline don karrama Hakim Ajmal Khan. Shi wannan Hakim ɗin babban mai maganin gargajiya ne, kuma shi ya jawo Siddiqui ya ɗora shi a kan irin wannan bincike. Ka ji fa: mai maganin gargajiya ne da kansa ya nemi a kai kayansa ɗakin gwaji, bai ji tsoron awo ba. Har yau likitocin zuciya a wasu ƙasashe suna aiki da ajmaline.

Duniya ba ta waiwayo sosai ba sai a 1949, lokacin da wani likitan zuciya a Bombay, Rustom Jal Vakil, ya buga sakamakon gwajin da ya yi wa masu hawan jini 50 a wata mujallar likitoci ta Birtaniya. A wancan zamani likita ba shi da wani abin kirki da zai ba mai hawan jini. Sai dai a raba shi da gishiri, ko a yi masa tiyata a yanke wasu jijiyoyi, ko a ba shi magungunan da wahalarsu ta kusa fin ta cutar. A 1952 masu bincike na kamfanin Ciba a birnin Basel na Suwizalan suka ware sinadarin da ya fi ƙarfi a cikin saiwar, suka kira shi reserpine. Kafin shekara biyu su cika, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Nathan Kline yana gwada shi a kan masu taɓin hankali a jihar New York.

Sai kuma gwajin da ya rufe bakin masu gardama. A 1967 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, a kan maza 143 da jininsu ya hau sosai. An raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su magani mai haɗe da reserpine da wasu guda biyu, ɗaya kashin aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta. A cikin waɗanda ba su sami magani ba, mutum 27 suka gamu da babbar matsala, wasu ɓarin jikinsu ya shanye, wasu zuciya ta gaza, wasu suka mutu. A cikin masu shan magani, mutum 2 ne kacal. Wannan na cikin hujjojin farko da suka tabbatar wa likitoci cewa saukar da hawan jini yana ceton rai, kuma saiwar daji tana cikin abin da aka yi aikin da shi.

Akwai ƙari. A 1957 wani masani a Suwidin, Arvid Carlsson, ya ba zomaye reserpine, suka sandare suka kasa motsi. Da ya yi musu allurar wani sinadari da jiki ke mayarwa dopamin, ɗaya daga cikin sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su, sai suka farfaɗo suka ci gaba da tsalle-tsallensu. Daga nan aka gano hanyar yi wa masu cutar karkarwa ta Parkinson magani, kuma wannan aiki ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. Abin da ya sandarar da zomo har ya buɗe wa likitoci sirrin ƙwaƙwalwa, ba a kiransa camfi.

Ga mai cewa ba ta da illa

Amma a sake duba zomayen nan. Me ya sandarar da su?

Jijiyoyin jiki suna aika saƙo ne da wasu sinadarai, irin su noradirenalin da dopamin da serotonin, waɗanda suke tarawa a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna a bakin kowace jijiya. Reserpine yana toshe ƙofar da ake cika jakunkunan nan ta cikinta, sai ajiyar ta ƙare. Idan ta ƙare, zuciya ta rage gudu, hanyoyin jini su saki, hawan jini ya sauka, mai fisge-fisge ya lafa. Ta wannan hanyar dai hanci ke toshewa, kasala ta rufe mutum, ciki ya riƙa tsatso ruwa mai tsami har ya tayar da tsohon gyambo, jiri ya kwashi mutum idan ya miƙe tsaye, hannu ya soma karkarwa. A shekarun 1950 an sami rahotannin mutanen da suka faɗa cikin matsanancin ciwon damuwa suna shansa, har wasu suka kashe kansu. Amfanin da illar ƙofa ɗaya suke bi, ba yadda za a yi ka karɓi ɗaya ka ce ɗayan bai shafe ka ba.

Kuma ba ya sakin mutum da wuri. Ko an daina sha yau, sai jiki ya yi kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya sake cika jakunkunan da aka zazzage.

Daga baya an gane cewa yawancin waɗancan matsaloli sun zo ne daga yawan abin da ake ɗura wa mutane a lokacin. Da aka rage, sai suka ragu ƙwarai. Awon da likitoci suka tsaya a kai ga mai hawan jini bai wuce kwata na miligiram ɗaya a rana ba. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya miligiram 500 ce, wato ta ninka shi sau 2,000. Abin da ake aunawa da irin wannan taka-tsantsan, shi ne wani ke cewa ka sha kofi goma.

Matsalar kuwa ita ce, saiwa ba ta zuwa da awo a jikinta. Yawan sinadarin da ke ciki ya danganta da ƙasar da tsiron ya fito, da shekarunsa, da lokacin da aka tone shi, da yadda aka shanya shi. Mafi yawansa ma a ɓawon saiwar yake, don haka garin da ɓawo ya yi yawa a ciki ya fi wanda tsakiya ta yi yawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Cokalin da ya yi wa wani daidai a watan jiya, idan an sake buhu, zai iya kayar da shi a banɗaki wannan watan.

"Ai kakanni sun sha, ba su mutu ba"

Wannan ita ce maganar da aka fi yi, kuma ba ta banza ba ce. Mutanen da ba su da ɗakin gwaji ko na'urar awon jini, suka tono wannan saiwa daga cikin dubban tsirran daji, suka gane tana sa barci tana kwantar da hankali. Wannan ilimi ne, an same shi da lura da haƙuri, wataƙila ma da rayukan waɗanda aka fara gwadawa a kansu. Ban yarda a raina shi ba.

Sai dai ilimin nan yana da iyaka, kuma iyakar a fili take. Yana gane abin da ke faruwa nan take: ka sha, ka yi barci, ka sha, ka yi amai, ka sha, ciki ya tsaya. Amma abu biyu suna kuɓuce masa.

Na farko shi ne cutar da dama za ta wuce da kanta. Ɗauki saran maciji, wanda saiwar ta yi suna a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai suna saran mutum kusan miliyan 5.4 a shekara, amma waɗanda dafi ke shiga jikinsu ba su wuce miliyan 1.8 zuwa 2.7 ba. Wato kusan rabin waɗanda aka sara, ko fiye, ko dai macijin ba mai dafi ba ne, ko kuwa ya sara bai zuba ba. Ka ba waɗannan kowace irin saiwa, za su tashi garau, su kuma yi ta ba da labari har tsufa. Wanda dafin ya shige shi da gaske ba ya nan balle ya ba da nasa labarin. Haka sunan magani ke ginuwa a kan shaidar waɗanda suka tsira. Babu hujjar cewa saiwar nan tana karya dafin maciji a jikin mutum, kuma sa'o'in da aka ɓata ana jiƙa ta su ne sa'o'in da allurar kashe dafi za ta yi aiki a cikinsu. Mutum 81,000 zuwa 138,000 ne saran maciji ke kashewa duk shekara, wannan ba wurin gwaji ba ne.

Na biyu, kuma wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne illar da ke tafiya a hankali. Akwai wani dangin tsirrai da ake kira Aristolochia, da ke fitowa a Asiya da Afirka da Turai da Amurka. Tun zamanin tsoffin Girkawa ake ba mata saiwarsa wajen haihuwa, wasu al'ummomi kuma suna ba da ita don saran maciji da ciwon gaɓoɓi. Fiye da shekara dubu biyu ana sha, ba a gane irin ɓarnar da take yi a ɓoye ba.

A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, likitoci suka fara ganin mata masu ƙuruciya da ƙodarsu ta lalace ba gaira ba dalili. Da aka bi sawu, sai aka tarar dukkansu sun sha wasu ƙwayoyin rage ƙiba daga wuri ɗaya. An yi niyyar sa wata saiwa ce daga Sin a cikin haɗin, sai aka kawo wata daban mai kama da ita a suna, wadda ta fito daga dangin Aristolochia. Fiye da mutum 100 abin ya shafa, da yawansu suka koma kan wankin ƙoda ko dashe. Bai tsaya nan ba. A wani bincike da aka buga a 2000, an cire matattun ƙodojin mutum 39 daga cikinsu aka duba, aka sami ciwon daji a hanyar fitsarin mutum 18. Yau hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa sinadarin da ke cikin wannan saiwa a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

To ina kakanni suka shiga da ba su gane ba? Ba sakaci suka yi ba. Wanda ya sha jiƙo bana, ƙodarsa ta gaza bayan shekara biyar ko goma, wa zai haɗa wannan da wancan? Za a ce ajali ne, ko a ɗora wa wani abu daban. A Brussels ma an gane ne don mutane da yawa sun sha abu ɗaya a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma akwai takardun da aka rubuta sunayensu. Daɗewar magani a hannun mutane shaida ce cewa ba ya kashewa nan take. Iyakar shaidar ke nan.

Sannan a yi wa kakannin adalci: ba haka suke sha ba. Mai magani na da shi ke shiga daji da kansa, ya san tsiron da ganyensa da furensa, ya san mara lafiyar da iyayensa, ya ba shi na kwana uku ya ce ya dawo. Yau gari ne a roba, an niƙa shi a wata nahiya, ya bi hannu bakwai, mai sayarwar bai taɓa ganin tsiron a tsaye ba, mai sha kuma zai yi shekara yana sha kullum. Saiwa idan ta bushe aka daka ta, ko gwani ba ya rantsuwa a kanta da ido. Kiran wannan da sunan gadon kakanni cin amanar kakannin ne.

"Maganin asibitin ma ai yana da illa"

Ƙwarai kuwa. Buɗe kwalin kowanne, za ka tarar da doguwar takarda an jera illolinsa da ƙananan haruffa. Wannan takarda ita ce abin da nake nema wa saiwa. Shi kansa reserpine likitoci sun ja baya da shi da aka samo waɗanda suka fi shi sauƙi a jiki. Haka aka yi da ipecac, wata saiwar dajin Brazil da ta yi ƙarni uku ana maganin atini da ita, ana kuma ba yaran da suka haɗiyi guba don su yi amai. Da aka ƙirga aka ga ba ta ƙara ceton kowa, sinadarinta kuma yana taɓa zuciya, sai ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2003 a daina ajiye ta a gida. Rashin takardar illa a jikin roba ba ya nufin babu illa, yana nufin babu wanda ya zauna ya ƙirga.

"Na sha, kuma na ji sauƙi"

Ba na ƙaryata kowa. Jiki magayi, in ji masu iya magana, kuma a wasu cututtukan haka ne. Mai juna biyu da laulayi ya hana sakat, idan ta sha citta tashin zuciyar ya lafa, ita ta fi kowa sani, kuma gwaje-gwaje da dama sun goyi bayanta a kan kimanin giram ɗaya a rana.

Amma hawan jini ba ya cikin cututtukan da jiki ke faɗa. Fiye da mutum biliyan 1 ke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, don ba ya ciwo. Mutum zai sha jiƙo, ciwon kai ya tafi, barci ya zo, ya ajiye ƙwayoyinsa, alhali jinin yana can sama yana cin ƙoda da ido a ɓoye. Abin da zai raba gardama shi ne a ɗaura na'ura a dantse a karanta lamba.

Wani jin sauƙin kuma na aro ne. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da yawa sun sha kama kayan da aka rubuta wa "tsantsar saiwa", aka gwada aka tarar an barbaɗa musu maganin asibiti a ɓoye: na ƙarfin maza a cikin na maza, mai kashe kumburi a cikin na ciwon gaɓoɓi. Dole mai sha ya ji aiki. Sai dai bai san me ya sha ba, bai kuma san nawa ba.

"Kamfanoni ne ba sa so a gane"

Tarihin sarpagandha ya nuna akasin haka. Da kamfanoni suka gane abin da ke cikinta, ba ɓoye ta suka yi ba, wawa suka kai mata. Aka yi ta tono har ta soma ƙarewa a daji, domin ganye idan ka tsinka wani zai fito, saiwa kuwa idan ka tone ka kashe tsiron. Hukumomin Indiya suka taƙaita fitar da ita, 'yan kasuwa suka juya kan 'yar'uwarta ta dazuzzukan Afirka, Rauvolfia vomitoria. A 1990 aka shigar da ta Indiyan cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa.

Inda masu wannan zargi suke da gaskiya shi ne wajen rabon riba da yabo. A 1995 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wasu masu bincike biyu haƙƙin mallakar amfani da kurkur wajen warkar da rauni, abin da kowace tsohuwa a Indiya ta sani. Sai da hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kwaso tsofaffin rubuce-rubuce ta kai, sannan aka soke rajistar a 1997. Irin wannan ne ya haifar da yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ce a raba amfani da al'ummar da aka ɗauko ilimi daga gare ta. Amma a duba abin da ya ceci kurkur a wannan shari'a: rubutu ne. Ilimin da aka rubuta aka tantance ya fi wuyar sacewa a kan wanda aka bari a baki.

Ita kurkur ɗin ma, tunda ta shigo zance, ba ta tsira ba. Da aka fara tace ta ana cusawa a ƙwaya, ana haɗa ta da sinadarin masoro don jiki ya ƙara zuƙa, sai ga rahotannin ciwon hanta. A Italiya kaɗai an sami fiye da mutum 20 a 2019.

Wanda ba shi da halin zuwa asibiti fa?

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi, kuma duk wanda ya amsa ta da gatse bai san duniya ba. Akwai miliyoyin mutane da likita ya yi musu nisa, ko kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. Hawan jini kuma ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani na mako ɗaya a huta, abu ne na har abada. Mutumin da aka ce masa ya riƙa sayen ƙwaya duk wata har ƙarshen ransa, ga kuma wani yana cewa roba biyu ta isa ta tumɓuke cutar, ba wauta ce ta kai shi wurin na biyun ba. Cewa ya bar saiwa alhali ba a ba shi komai a madadinta ba, zancen wanda ya ƙoshi ne.

To amma shi ɗin ne ya fi kowa buƙatar a auna masa. Mai hali idan jiƙo ya taɓa masa ƙoda, zai je a wanke. Mara hali fa? Barin kasuwar saiwa ba dokar komai, da sunan tausayin talaka, shi ne a bar wanda ba shi da madafa ya zama abin gwaji.

Kuma abin da ake nema ba gagara-badau ba ne, an yi shi a wasu wurare. A 1978 Jamus ta kafa wani kwamiti na likitoci da masana magunguna, ya bi tsirrai fiye da 300 ɗaya bayan ɗaya, ya amince da wasu ya ƙi wasu. Saiwar Rauvolfia tana cikin waɗanda ya amince da su ga hawan jini mara tsanani, amma ya rubuta adadin da za a sha a rana, ya kuma hana ta ga mai ciwon damuwa, da mai gyambon ciki, da mai juna biyu, da mai shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da irin wannan bayani a 1999 a kan tsirrai da dama, har da Rauvolfia da citta da kurkur. Ba a kashe maganin gargajiya a Jamus ba saboda haka. 

Saboda haka ga abin da nake ganin haƙƙin mai saye ne a ko'ina yake. A rubuta masa cikakken sunan tsiron, wanda masana suka sani, domin suna ɗaya a kasuwa yakan hau kan tsirrai uku. A faɗa masa nawa zai sha, har zuwa yaushe. A faɗa masa wanda bai kamata ya taɓa ba. Idan haɗi ne na saiwoyi goma sha, a lissafa su duka, in kuwa an ce sirri ne, ya mayar da kuɗinsa aljihu. Hukuma kuma kada ta tsaya ga ba da lambar rajista tana zaune a ofis, ta riƙa sayen robobin nan daga kasuwa kamar kowa tana gwadawa, tana shelanta abin da ta gani. Masu maganin gargajiya na ƙwarai, waɗanda suka gaji abin suka kuma san iyakarsu, su ne za su fi kowa cin ribar wannan, don yanzu 'yan damfara ne ke shan inuwarsu.

Likitoci ma suna da nasu laifin. Mara lafiya ya ce yana shan jiƙo, sai a hau shi da faɗa kamar yaro, a ce shi ya jawo wa kansa. Gobe idan ya dawo ba zai sake faɗa ba, kuma ba zai daina sha ba. Sai likita ya ɗora masa maganin saukar da jini a kan saiwar da dama tana saukarwa, mutum ya yanke jiki ya faɗi, a rasa dalili. Ko a shigar da shi tiyata, a ba shi maganin barci, jininsa ya faɗi ƙasa warwas ya ƙi tashi da wuri, don ajiyar da jijiyoyinsa za su ɗebo su tayar da shi saiwa ta riga ta zazzage ta tun makonni biyu da suka wuce. Da an tambaye shi cikin mutunci, "Baba, ban da namu, akwai wani abin da kake sha a gida? Kawo robar mu gani," da ya fito da ita daga aljihu, an ɗage aikin zuwa lokacin da ta bar jikinsa.